Yadda Ake Zaɓe da Horar da Karen Taimako ga Mai Lalura a Kaduna

Kafin ka nemi kare, nemi takarda da biro ka rubuta aikin da kake so ya yi, a jimla ɗaya, yadda ɗan firamare zai gane. "Ya taɓa ni idan jariri ya yi kuka." "Ya ɗauko mini waya ko makulli idan sun faɗi daga keke." "Ya je ya kira Mama idan farfaɗiya ta kayar da ni." In abin da ka iya rubutawa bai wuce "ya taimake ni" ba, lokacin sayen kare bai yi ba tukuna. Karen taimako shi ne wanda aka koya wa takamaiman aiki da ke rage wa mai lalura wahalar lalurarsa, kuma yake yin aikin a ɗaki, a bakin titi, a layin asibiti, ba tare da ya dami kowa ba.

Mu a nan abin da muka fi sani da kare biyu ne, gadi da farauta, kuma dukkansu so ake ya zama mai zafin nama, mai zargin baƙo. Wannan aikin akasin haka yake nema: karen da za a taka wa jela a cunkoson Kasuwar Sheikh Gumi, ya janye ya kalli mai shi, bai yi gurnani ba. Duk wanda ya ce zai mayar maka da karen gadinsa karen taimako, ka yi masa godiya ka wuce.

Sana'ar ta daɗe. A 1916 aka buɗe makarantar karnukan jagora a Oldenburg ta ƙasar Jamus, domin sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Ɗaya. The Seeing Eye ta Amurka ta fara a 1929, Ingila ta yaye karnukanta huɗu na farko a 1931, Afirka ta Kudu ta kafa tata ƙungiyar a 1953. Horar da kare don masu keken guragu ya biyo baya, da kafa Canine Companions a Kalifoniya a 1975. Irin waɗannan makarantu su ke kiwon iyayen karnukansu, su zaɓi 'ya'yan, su kwashe kusan shekara biyu suna reno da horo, amma duk da haka kaso mai yawa ba sa kammalawa. Kai da za ka fara da kare ɗaya tilo, sa a ranka tun yau cewa yana iya faɗuwa, ka kuma san gidan da za ka kai shi in hakan ta faru.

A gama da gida tukuna

Karen da ke ɗaure da sarƙa a bayan gida ba zai yi wannan aiki ba. Wanda zai tayar da kurma da asuba, ko ya ga faɗuwar mai farfaɗiya, dole ya kwana inda zai ji, ya kuma iya isa wurin mai shi. Ke nan sai an zauna da mutanen gida, da mai gida in haya ce, da maƙwabtan da ake tarayyar tsakar gida da su, an gama magana kafin kwikwiyo ya shigo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga Musulmi akwai tambayar da ba a tsallakewa, ta tsarkin kare da halaccin ajiye shi. A mazhabar Malikiyya, wadda ta fi yaɗuwa a ƙasar Hausa, kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai ana ɗaukarsa bin umarni ne, ba don ruwan ya ƙazantu ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi tsanantawa. Hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da kiwo da noma, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta ambaci dabbobin farauta da aka horar, kuma a kan haka ne malamai da dama na wannan zamani suka yi ƙiyasin karen mai lalura. A 2008 wata majalisar malamai a Ingila ta ba da fatawar da ta sa wani matashi makaho a birnin Leicester ya riƙa zuwa masallaci da karensa. An yi wa karen wurin jira, ba ya taka inda ake sallah. Shigar kare cikin ɗaki a gida kuwa, malamai sun yi saɓani ko hanin da ya zo kan haka ya haɗa da karen da aka halatta ajiyewa. Kai wa malamin da ka yarda da shi maganar, ka faɗa masa ainihin lalurar da ainihin aikin. Tsarin da ya fi sauƙin bi shi ne tabarmar kare a baranda daidai ƙofar ɗakin kwana, kwanonsa daban, inda ake shimfiɗa darduma kuma a koya masa tun yana ƙarami cewa iyakarsa bakin ƙofa.

Zaɓen kare

Labrador da Golden Retriever su suka cika makarantun duniya, saboda suna son abinci, suna son ɗaukar abu a baki, kuma ba su da zargin mutane. Labrador ya fi dacewa da mu don gashinsa gajere ne. Golden yana jin jiki a Maris da Afrilu. Alseshan yana da kai, sai dai da yawan waɗanda ake sayarwa an kiwata iyayensu ne don gadi, ga ciwon ƙugu da ke bin jininsu. Boerboel, Rottweiler da Caucasian, a bar su a bakin get inda suka fi amfani. Kada kuma a raina karen gida. In aikin sauraro ne, ƙaramin kare ɗan ƙasa mai kaifin kunne da jure zafi yana iya fin mai tsada, muddin hannun mutane ne ya rene shi, ba jifa ba.

Kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika sati 8 ba, kuma kada ka saya a gefen titi ko daga hoto a waya. Je gidan ka ga uwar. In ta maƙale a lungu tana rawar jiki, ko tana neman tsinke sarƙa ta cije ka, juya. Tsoro da faɗa ana gadonsu, ana kuma koyonsu a gindin uwa. In uwar ta yi, ɗauki 'yan kwikwiyon ɗaya bayan ɗaya zuwa inda ba su saba ba. Yar da murfin tukunya kamar taku huɗu daga inda yake. Firgita ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne ko cikin 'yan daƙiƙoƙi zai dawo ya shinshina murfin. Dunƙule takarda ka jefa, ka ga ko zai bi, ko ma ya juyo da ita wajenka. Riƙe ƙafarsa, leƙa kunnensa, ɗaga leɓensa. Tashi ka yi tafiya ka ga ko zai biyo ka. Wanda ake so shi ne na tsakiya, ba sarkin rigimar da ke danne 'yan uwansa ba, ba kuma wanda ya laɓe ba. Mutane kan tausaya wa mai laɓewar su ɗauke shi. Wannan tausayin shekara biyu yake cinyewa.

Gwajin kwikwiyo ƙiyasi ne kawai, hali yana canzawa. Shi ya sa karen da ya kai shekara ɗaya zuwa biyu, wanda ya tashi cikin gida da yara, wani lokaci ya fi zama sayen ido buɗe: halinsa ya riga ya fito, kuma ana iya ɗaukar hoton ƙashin ƙugunsa da gwiwar hannunsa nan take. Mace ko namiji duk suna yi. Macen da ba a cire wa mahaifa ba takan shiga lokacin barbara kusan sau biyu a shekara, kowanne sati biyu zuwa uku, kuma a lokacin ba ta fita aiki, don karnukan unguwa za su yi muku rakiya. Likitan dabbobi ne zai faɗi lokacin da ya dace a yi fiɗiya.

Allura, tsutsa, da watanni huɗu na farko

Allurar haɗaka, wadda ke kare shi daga cutar zawon jini ta fabo da sauran cututtukan kwikwiyo, ana fara ta a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare a wata uku, sannan duk shekara. Likitan dabbobi mai rajista ne zai yi, ya sa hannu a kati, kuma ka ga an ciro kwalbar daga sanyi da idonka, don allurar da ta wuni a zafi ba ta da maraba da ruwa. Maganin tsutsar ciki duk sati biyu har sati 12, duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku. Abin da ya fi ƙarfin asibitin unguwa, kamar tantance ƙugu, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

A nan akwai tsaka mai wuya. Daga sati 3 zuwa wajen sati 14 ne ƙwaƙwalwar kwikwiyo ke karɓar sabon abu ba tare da tsoro ba, kuma a daidai lokacin ne rigakafinsa bai cika ba. In ka kulle shi har allura ta ƙare, ka sami lafiyayyen matsoraci. In ka sake shi a ƙasa inda karnukan titi ke kashi, fabo na iya kashe shi cikin kwanaki. Mafita ita ce a fita da shi a hannu ko a kwando, ya gani, ya ji, ya shinshina iska, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Me zai gani? Duk abin da zai tarar a rayuwar aikinsa a garin nan. Mai babbar riga, mai rawani, mai hijabi da niƙabi, mai hular kwano, mai sanda, mai keken guragu, ayarin yara da kwanoni. Awaki da kaji da tumaki, har su zama ba labari ba. Janareto, injin niƙa, lasifikar masallaci, gangunan coci da na biki, jiniya, jiragen soja da ke wucewa ta saman Mando da Kawo, jirgin ƙasa a Rigasa daga nesa. Bayan allura ta cika sai a koma kan abin takawa: tayil mai santsi, katakon da ake ɗorawa a kan kwata, ƙarfen rufe magudana, matakala, hawa keke napep da sauka. Kowane sabon abu a fara daga nesa, a haɗa shi da ɗan abinci. In ya ƙi karɓar abincin, ya sa jela tsakanin ƙafafu, kun matso da yawa, koma baya. Jan shi da ƙarfi zuwa ga abin da yake tsoro ba ya cire tsoron, dasa shi yake.

Tushen horo

Kare ba ya gane dogon bayani, lokaci yake ganewa. Kana buƙatar alama ɗaya da ke nufin "abin da ka yi yanzun nan shi ne daidai, ga lada nan tafe". Ana amfani da 'yar na'ura mai ƙara ƙas, ko ƙarar harshe, ko gajeriyar kalma. Kada ka zaɓi "yauwa", don a gidan Bahaushe ana faɗinta sau hamsin kafin azahar, za ta zama iska a kunnensa. Kurma sai ya yi amfani da ɗaga babban yatsa, umarninsa duka kuma su zama na hannu. Don kafa alamar, yi ta ka ba da abinci nan take, sau 15 zuwa 20, kwana biyu ko uku. Daga nan alamar ta riƙa zuwa daidai lokacin da ya yi abin, ladan ya biyo cikin daƙiƙa biyu.

Ladan ya zama ƙanana kamar ƙwayar wake: dafaffiyar kaza, ko hantar da aka dafa ba gishiri ba magi aka busar, a gauraya da abincinsa na kullum don hanta zalla tana sa zawo. Kada lada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na abincin yini. Kilishi da tsire da balangu ba nasa ba ne, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Haka goro, cakulan, inabi da zabibi, da dafaffen ƙashi mai tsagewa. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane ma kada a ba shi.

Zama ɗaya minti 3 zuwa 5, sau uku ko huɗu a yini, kafin cin abinci. Zauna, kwanta, tsaya, zo, bari, tafiya a gefe igiya na lilo, kwanciya a tabarma har a sallame shi, da yin fitsari da kashi bisa umarni kafin a fita. Kowa a gidan kalma ɗaya zai riƙa faɗi. In kai kana cewa "kwanta", ƙaninka yana cewa "yi ƙasa", laifin ba na kare ba ne. Ba a ƙara wahala sai ya ci takwas cikin goma, kuma abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda: ko nisa, ko tsawon jira, ko abin ɗauke hankali. Ƙungiyar masu amfani da karnukan taimako, IAADP, ta sa mafi ƙarancin horo awa 120 cikin wata shida ko fiye, aƙalla 30 daga ciki a wuraren jama'a. Wannan ƙasan ma'auni ne, ba samansa ba. Buɗe littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, mintuna, da abin da ya ci da wanda ya faɗi.

In za ka ɗauki mai horarwa, je ka kalli yadda yake aiki da wani kare tukuna. Ka ga bulala, ko sarƙar shaƙe wuya, ko ana tsokanar kare ya yi haushi, wannan malamin gadi ne. Duka yana koya wa kare ya daina gwada abu, alhali aikin nan gaba ɗayansa so ake kare ya yi abu da kansa a lokacin da mai shi ba zai iya ba da umarni ba. Tsakanin wata 6 zuwa 18 kuma zai shiga ƙuruciya, ya yi kamar bai taɓa jin "zo" ba. Ba lalacewa ya yi ba. A koma matakin baya, a sa doguwar igiya, a jira.

Aikin sauraro

Wannan ne ya fi sauƙin koyarwa a gida, amma sai da mataimaki mai ji. Fara da "taɓa": miƙa tafin hannu, in ya sa hanci, alama, lada. Sannu a hankali mayar da hannun kan cinyarka har ya koyi zungurar ƙafa da hanci sosai, yadda za a ji ta cikin zane ko bargo. Sai a zaɓi sauti ɗaya, a ce agogon waya. Ajiye wayar kusa, ta yi ƙara, ka ce "taɓa", ya taɓa, ku tafi wurin wayar tare, a can zai sami ladan. Bayan maimaici da yawa sai ka yi shiru in ta yi ƙara, ka ba shi daƙiƙa uku ya yi tunani. Ranar da ya taɓa ka ba a ce masa ba, aiki ya kama. Daga nan a nisanta wayar, a kai ta wani ɗaki, a gwada kana kwance, kana wanki, ka juya baya. Sai sauti ya zauna daram ake ƙara na biyu: bugun get, sallama, kiran sunanka, kukan jariri. Na jariri a fara da wanda aka naɗa a waya.

Sautin haɗari, kamar ƙararrawar hayaƙi, dokarsa daban ce. Kare zai taɓa ka ya kwanta a ƙasa, ba zai kai ka wurin ba, don ba a jan mutum zuwa wuta. Haka makarantun Ingila ke koyarwa.

Abin da ya fi lalacewa a nan shi ne ƙarya. Kare ya gane taɓawa na kawo hanta, sai ya riƙa taɓawa ba sauti. Mai shi ba ya ji, ya ba da lada, ƙarya ta zauna. Maganinta ladan ya kasance a wurin sautin kawai, bayan an tabbatar: an ga mutum a get, an ga waya na haske. In babu komai, a koma a zauna, ba faɗa ba lada.

Ɗauko kaya da jan ƙofa

Daga ƙarshen aikin ake farawa. Koya masa ya riƙe guntun katako daƙiƙa ɗaya ya sake a tafin hannunka da kalmar "ba ni". Sai riƙo ya yi tsawo, sai a ajiye katakon a ƙasa gab da ƙafarka, sai a nisanta. In aka fara da jifa, wasan tsere za a koya masa, ya ɗauka ya gudu. Kada ka taɓa bin sa don ƙwace abu. Bayan katako sai roba, sai tsumma, ƙarfe a ƙarshe don karnuka ba sa son sa a haƙori. Ɗaura wa makulli 'yar igiya, waya kuma a sa mata riga mai mariƙi. Magani kullum a cikin jaka mai zif ko gwangwani mai murfi, kada haƙori ya huda ƙwaya. Kowane kaya da sunansa, ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa kuwa, ɗaura tsumma mai kauri a mariƙinta, a fara da ta kabad mara nauyi.

Jingina a bayan kare don miƙewa, ko sa shi jan keken guragu a titunanmu masu rami da yashi, ba mu ba da shawararsa. Ƙashin babban kare ba ya gama ƙwari sai wajen wata 18, kuma ko bayan nan nauyin mutum yana lalata masa baya.

Farfaɗiya da faɗuwar suga

A rarrabe abu biyu. Akwai karnukan da ke nuna alama kafin farfaɗiya ta zo, amma wannan ba abin da ake iya koyarwa da tabbaci ba ne, kuma wanda ya ce zai sayar maka da kwikwiyo mai wannan baiwa, kuɗinka yake so. Abin da ake koyarwa shi ne abin yi bayan faɗuwa. Fara da wasan "je wurin Mama": Mama na taku biyar, ya je, ya taɓa ta, ta biyo shi, ladan a wurin mai lalurar. A nisanta har wani ɗaki. Sai mai lalurar ya riƙa kwaikwayon faɗuwa a kan katifa yana faɗin umarnin, daga baya ya daina faɗa, faɗuwar kanta ta zama umarni. Wanda aka kira shi ma ya san aikinsa: ya kawar da abin da zai ji wa mutum ciwo, ya juya shi gefe, kada ya sa cokali ko komai a baki, kada ya ɗura ruwa, in jijjigar ta wuce minti 5 a tafi asibiti. Maganin da likita ya rubuta yana nan yadda yake.

Na mai ciwon suga kuwa da hanci kare ke yi, ya shinshino faɗuwar sugan. Duk lokacin da na'urar gwaji ta nuna ƙasa da 70 mg/dL, kafin a ci komai a jiƙa auduga da yawu, a sa a ƙaramar kwalba mai murfi, a rubuta kwanan wata da lambar, a daskarar. Amma in jiki ya fara rawa, a sha abu mai zaƙi tukuna, audugar ta jira wani karon. A tara wasu kuma na lokacin da suga ke daidai. Ana ba kare lada in ya shinshina ta ƙasan, sannan a haɗa ƙamshin da taɓawa, sannan a ɓoye kwalbar a aljihu. Matsalarmu wuta: audugar da ta narke ta sake daskarewa sau uku, ƙamshin ruɓa kare zai koya. In firjinka ba ya riƙe ƙanƙara, yi amfani da sabuwa cikin kwana biyu ka zubar. A riƙa gwajin da kai kanka ba ka san wace kwalba ce ba, don kare gwani ne wajen karanta fuska. Ƙwarewar irin waɗannan karnuka ta bambanta ƙwarai daga wani zuwa wani, saboda haka taɓawarsa tana nufin "je ka gwada", ba "sha suga" ko "rage allura" ba.

Jagorar makaho

Wannan kaɗai ne za mu ce kada a gwada a gida. Karen jagora yana tsayawa a bakin titi da matakala, yana kauce wa rami, yana lissafa faɗin mutum da tsayinsa don kada rumfar mai shago ta buge shi a goshi. Ba ya karanta danja. Mai shi ne ke sauraron motoci ya ce a tafi. Mafi wuya shi ne ƙin bin umarni da gangan: an ce "mu je", ya ga keke napep ya biyo hannun da ba nasa ba, ya ƙi motsi. Koyar da wannan sai ƙwararre da direban da aka shirya da shi, wata da watanni, kuma kuskure ɗaya rai ne. Ga kwatoci a buɗe, ga tituna da yawa ba su da gefen masu ƙafa da kare zai bi. Makarantun jagora kansu ba sa ba mutum kare sai ya iya farar sanda ya san hanyoyinsa. A fara da duba ido a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna, a ƙware a sanda. Karen gida na iya koyon nemo ƙofa, kujera, ko abin da ya faɗi a cikin gida, wannan ba laifi.

Fita cikin jama'a

Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, tana bayanka a matsayinka na mai lalura. Amma mai gadin banki ba doka zai buɗe ba, kare zai gani. Je wurin tun kafin ranar, kai kaɗai, ka ga manaja ko shugaban tasha, ka nuna takardar likita da katin allura, ka yi bayanin aikin karen. Sami direban keke ɗaya ko biyu da suka saba da shi, ka riƙe shimfiɗar da zai kwanta a kai a ƙasan keken. Riga mai rubutu da Hausa da Turanci, "Ina aiki, kada a taɓa ni", tana rage tambaya, amma riga ba horo ba ce, takardun shaida da ake saya a intanet kuma ba su tabbatar da komai.

Bai isa fita aiki ba sai ya iya wuce tsire a ƙasa bai kalla ba, ya kwanta ƙarƙashin benci minti 30, yaro ya taɓa shi ta baya bai zabura ba, akuya ta gifta bai ja igiya ba. Wanda ya matsa gefe don ba ya son kare ya taɓa masa tufafi, haƙƙinsa ne. A gajarta igiya, a ba shi hanya. Gurnani ga mutum, kai cizo, ko tsoron da wata biyu na aiki bai rage ba, waɗannan sallama ce daga aikin waje, ko nawa aka kashe.

Zafi, kaska da tsufa

Kare da haki yake fitar da zafi, ba da gumi ba. Zafin jikinsa na lafiya 38 zuwa 39 ne da ɗan ɗori. Ya haura 40, haɗari ne. A bazara a yi fita kafin ƙarfe tara ko bayan la'asar. Ɗora bayan hannunka a kwalta daƙiƙa bakwai, in ba ka iya jurewa ba tafin ƙafarsa ma zai ƙone. Kare mai kilo 30 yana shan lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, fiye da haka in ana zafi, don haka gora da kwano suna cikin jakar fita. Ka ga haki ba tsayawa, yawu mai kauri, tangaɗi, kai shi inuwa, kwara masa ruwan randa ko na famfo a jiki, yi masa fifita, sannan a nufi likita. Sanyayawa ke gaba da tafiya.

Kaska a duba kullum, cikin kunne, wuya, da tsakanin yatsu, a cire ta daga gindi da hantsaki. Maganin kaska daga likita za a karɓa daidai nauyinsa. Maganin ƙwarin gona da baƙin mai da wasu ke shafawa suna kashe karnuka. Dasashi ya yi fari, ya ƙi abinci, fitsari ya yi duhu ko hanci na zubar da jini, zazzaɓin kaska ne ake zargi, ba a kwana da shi. Da damina akwai ƙudan da ke yin ƙwai a yashi mai damshin fitsari, tsutsarsa ta shige fata ta yi kamar maruru mai ƙofa. Makwanci na siminti da busasshiyar shimfiɗa ke hana shi. Ƙiba ma cuta ce, musamman ga Labrador da yaran gida ke ba ragowar tuwo a ɓoye: haƙarƙarinsa ya riƙa jiyuwa a hannu ba sai an danna ba.

Yawancinsu suna ajiye aiki tsakanin shekara 8 zuwa 10. Alamar takan fara da jinkirin tashi daga tabarma, ƙin hawa keke, ko sautin da ya saba kamawa ya fara wuce shi. Tunda sabon kare shekara biyu yake ɗauka, ana fara neman magaji tun tsohon yana shekara bakwai, kuma a riƙa horar da ƙaramin shi kaɗai a wani wuri, in ba haka ba zai koyi bin tsohon ne maimakon sauraron sautin da kansa.